Ƙanƙarar Rabaran Istifanus

Ka taɓa auna tsawon maganarka da ƙanƙara? Rabaran Istifanus Gomo, mutumin Zuru, shekara ashirin da bakwai yana yin haka a wani ƙaramin cocin Baftis da ke Mabera. Duk Lahadi matarsa, Mama Monika, takan ɗora masa kwano a mumbari da dunƙulen ƙanƙara guda. Tana narkewa zai ce Amin, ko da a tsakiyar jimla ne.

A zafin Afrilu wa'azi minti goma sha ɗaya ne. A Janairu yakan kai minti hamsin. Sau uku aka kama dattawa suna matsar da kwanon kusa da taga, sau ɗaya aka kama mai kaɗa ganga da gishiri a aljihu.

Haka Rabaran ya yi a makarantar firamaren da ya kafa da benci huɗu. Kowane ɗalibi zai riƙe ƙanƙara a tafin hannu ya bayyana darasi kafin ta zama ruwa. Yara dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu suka bi ta hannunsa, kuma har yau ana gane su a ofisoshin Sakkwato, domin sukan gama bayani kafin mutum ya zauna.

Da ya rasu aka kawo Fasto Silas, mai wa'azi kashi tara. Don girmama marigayi ya karɓi kwanon, amma ya saka shi cikin kula mai riƙe sanyi ya rufe. Wa'azi ya kai awa uku. Cikin wata biyu masu zuwa coci suka ragu daga ɗari biyu da goma sha huɗu zuwa sittin da uku. Mama Monika ta ga cocin mijinta zai mutu tana kallo, sai ta tafi wurin maƙwabciyarta Kulu, wadda take ba su ƙanƙara tun farko.

"Mama Monika, mi kika zo nema da tsakar rana?"

"Ƙanƙara sittin da uku, Kulu. Ƙanana."

"Wanga sabon malamin naku, cin ta shikai?"

"Mu ne za mu riƙe."

"To ki ɗebi sittin da huɗu. Ki ba matatai guda, ita ma ta gaji."

Ran Lahadi Mama Monika ta tsaya a ƙofa tana danƙa wa kowa rabonsa. Fasto Silas yana cikin kashi na biyu, minti goma sha tara cif, hannuwa sittin da huɗu suka jiƙe, jama'a suka miƙe suka fara waƙar rufewa. Matarsa ce ta ɗauki baitin farko. Ya leƙa cikin kula, ya dubi Mama Monika, ya ce Amin.

Lahadin da ta wuce an ƙidaya mutum ɗari da casa'in.

Kai ma gobe, kafin ka fara yi wa iyalinka faɗa, ka riƙe ƙanƙara guda a hannu. Gwada ka gani.