Labbo da Zakaran da Ya Ƙi Yin Turanci

Kakar bana ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar maigidana, Malam Labbo na Rawayya. Sunan nan ban taɓa kiran sa da bakina ba yana raye. Yau ma don takarda ce na faɗe shi, daga nan kuma Malam za ku ji na ce. Ni Tumba ban yi boko ba. Maƙwabciyarmu a nan Gusau, Malama Asabe, mai koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, ita ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana daidaitawa. Ta ce masu karanta jarida sun saba da labarin manyan mutane. Na ce to, yau su ji na mai kaji.

Malam manomi ne da damina, gero da dawa da ɗan wake. Da rani kuma ya bi kasuwannin Bungudu da Tsafe ya sayi kaji, ya jera su a kwando ya kawo Gusau. Bai tara komai ba, bai kuma ci na kowa ba. Abin da aka san shi da shi guda ne: tambaya ba ta ƙare masa. Me ya sa zabuwa ke watsar da 'ya'yanta, kaza kuwa ta mutu a kan nata? Me ya sa dutsen Kwatarkwashi ke matsowa kusa bayan an yi ruwa? Haka yake yini. Amma duk cikin tambayoyinsa akwai wadda ta girme ni a gidan, domin na tarar da ita can ranar da aka kai ni.

Ga yadda ya samo ta. Yana saurayi, kafin Turawa su tafi, yakan kai ƙwai da kaji gidan wani Bature mai aikin auduga a Gusau. Ran nan ya sauke kwandonsa a bayan kicin, sai zakara ɗaya ya miƙa wuya ya yi cara. 'Yar Baturen, yarinya ƙarama mai gashi kamar gemun masara, ta rugo tana tafi tana cewa, "Kokadudul-du! Kokadudul-du!" Malam ya ɗauka sunan wani take kira. Kukun gidan ya yi dariya ya ce masa a'a, ai haka zakara ke cara da Turanci.

Kalmar nan ta shiga kunnensa ba ta sake fita ba. Mu dai mun san zakara kukuruku yake cewa, kowa ya ji, kowa ya shaida. To ina dudul ta fito? Ya shiga tambayar baƙin da ke kasuwa da tasha. Bayarabe mai sayar da kayan keke ya ce nasu kukuruuku yake yi. Ibo mai shagon magani ya ce kokorokoo. Wani Bazabarme da ya yi aiki da Faransawa ya ce su kuma kokoriko suke ji. Wani Bafillace ya ce masa in tambayar saniya ce ya zo, amma shi ba ruwansa da kaji. Malam ya dawo gida yana lissafi da yatsu: duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne, kowanne da ƙugin nan na tsakiya da zakara ke murzawa a maƙogwaro. Na Turawan Ingila ne kaɗai ya ware. Shi ya sa ya yanke cewa lallai zakarunsu daban ne, maƙogwaronsu daban ne.

Kullum da asuba, da zakaran gidanmu ya yi cara, kafin ya ɗauki buta sai ya ce, "Tumba, mi kinka ji yac ce yau?" Ni kuma in ce, "Cewa yay yi ka tashi ka yi salla ka bar ni in yi barci." Shekara da shekaru tambayar ba ta canza ba, amsar ma haka.

Ana nan ana nan, sai aka ce malaman gona sun zo Bungudu da zakarun Turai. Ka ba da naka na gida, a ba ka nasu, wai don kajinmu su yi jiki. Mutane da yawa suka noƙe. Malam kuwa ko karin kumallo bai yi ba, ya kama zakaran da ya fi so, baƙi mai wuyan zinariya, wanda ya sha hana masu saye, ya saɓa shi a hammata ya kama hanya. Ba jikin kaji ya dame shi ba. So yake ya ji dudul da kunnensa.

Ya dawo da wani jan zakara, ƙato, mai zanko kamar tafin hannu. Labari ya zaga Rawayya cewa Labbo ya kawo zakara mai Turanci. Washegari da aka fito masallaci sai ga maza a ƙofar gidanmu, har da wasu daga Karakkai da suka kwana a garin, mata kuma suna leƙe ta kan danga. Zakaran ya hau kan rumbu, ya kaɗa fukafukai, kowa ya yi tsit. Ya buɗe baki ya ce kukuruku, tsaf, kamar wanda aka ƙyanƙyashe a bayan ɗakina.

Dariyar da aka yi ranar har yau ana tuna ta. Bawa, wan Malam, ya ce, "Kai Labbo, wanga Bature naka ya kwana biyu Bungudu, ya koyi Hausa!" Wani ya ce a ba shi shayi da burodi ko ya tuna yarensu. Daga ranar aka laƙaba wa Malam Labbo Mai Cara, zakaran kuma aka sa masa Bature.

Ni kunya ta kama ni, na shige ɗaki. Shi ko a jikinsa. Da mutane suka watse ya shigo fuskarsa kamar wanda aka yi wa bushara, ya ce, "Tumba, kin gani? Ashe ba ga maƙogwaro abin yake ba. Ga kunne yake. Zakara guda na, kowa abin da ke cikin kunnenai yaka ji." Na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ya ce, "Ina! Yanzu ta soma. Mi ke cikin kunnen Bature da har yaka jin dudul?"

Wannan ita ce tambayar da ya tafi da ita kabari.

Dole in faɗi yadda ya tafi, domin shi ne tushen abin da ya faru bana. A wajenmu, zakaran da ya yi cara da almuru ba ya kwana. Cewa ake yi mutuwa yake kira wa gidan, sai an yanka shi kafin sharrin ya sauka. Malamai sun ce camfi ne, mun ji, amma wuƙa ba ta daina fitowa ba. Shekarar da Malam ya kwanta da ciwon ƙirji, wani jikan Bature ya yi cara ana kiran magariba. Bawa ya zo da wuƙa a hannu. Malam, daga kan tabarma, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bari mu gani." Aka bari. Mako bai zagayo ba muka rufe shi. Mutanen gari ba su faɗa a gabana ba, amma na san abin da suke faɗa.

Ban yanka zakaran ba ko bayan haka, tunda mai shi ya hana. Na ci gaba da kiwon zuriyar, duk jan zakaran da ya fito mai babban zanko sunansa Bature. Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, Gusau ta cika da ma'aikata da motoci, ɗana Sani, direba ne tsakanin Gusau da Tsafe, ya samu hali ya ɗauko ni daga ƙauye. Na zo da akwatina da tukwanena da Bature na ƙarshe da kaji biyu.

Sau da yawa nakan zauna in ce, da Malam zai ɗago kai ya ga garin nan yau, da wa zai fara tsarewa da tambaya? Yaran unguwarmu suna dawowa daga makaranta da Turanci a baki kamar gyaɗa. Akwatin talabijin na magana a ɗakin kowa. Kajin gidan gona farare sun cika kasuwa, ana yanka su tun ba su san mene ne cara ba. Ina jin wannan zai fi komai ɗaure masa kai: zakara ya zo duniya ya koma bai ce uffan ba.

To, da damina ta ja baya, matar Sani, Rabi, cikinta ya tsufa, na fari ne kuma bayan ta daɗe tana jira. Sai ran nan ana kiran magariba Bature ya yi cara. Rabi na tsakar gida da kwano a hannu, kwanon ya faɗi. Washegari ya sake. Yarinya ta daina cin abinci, ta daina dariya, in ta dube ni sai idonta ya kawo ruwa. Ta san labarin surukinta, dangi sun gaya mata tun tana amarya.

Sani ya same ni ya durƙusa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, gobe zan yanka Bature." Na ce, "Kai da kake zama gaban malamai?" Ya ce, "Na san camfi ne, Inna. Amma Baba fa?" Zakaran nan shi ne abin da ya rage mini mai numfashi daga hannun Malam. Amma ni na san nauyin da Rabi ke ɗauke da shi, domin na ɗauke shi a wancan makon. Malam mutum ne mai son ya gani, ba ya lura da wanda ke rawar jiki a gefensa yana jiran a gani. Na ce wa Sani ya wasa wuƙarsa.

Da safe Malama Asabe ta shigo gaishe mu, ta ga Bature a ɗaure, ta tambaya. Na ba ta labarin tun daga 'yar Baturen auduga, Rabi na jingine da bango tana ji. Malama ta ce ai kalmar nan ta san ta, ta taɓa bin diddiginta a babban ƙamus tun tana ɗaliba. Ta rubuta ta a ƙasa da tsinke, ga ta kuma na ce ta sa a nan: cock-a-doodle-doo. Ta ce kalmar ta haura shekara ɗari huɗu a bakin mutanen Ingila. Kan kalmar, kok ɗin nan, sunan zakara ne da yarensu, masana kuma na ganin sunan ma daga kukan tsuntsun aka samo shi. Wutsiyar kuwa ba ta da ma'anar komai. Wasan baki ne irin na yara da masu reno, don ya yi daɗin rerawa. A da ma wasu didil suke cewa, ba dudul ba. Ta ce babba ba ya faɗin ta sai in da yaro yake wasa, yaran kuma wani lokaci da ita suke kiran zakaran kansa.

Ashe abin da Malam ya bi kasuwa-kasuwa yana nema, har ya ba da baƙin zakaransa, har ya sha dariyar gari, yana hannun 'yar Baturen nan mai tafi tun ranar farko. Abin da ke cikin kunnen Bature wasa ne. Na san da yana nan da ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya gyara zama ya ce, to manyansu fa, su me suke ji?

Sai Rabi ta ɗago kai. Ta ce, "Malama, su can in ya yi da magariba ba su yanka shi?" Malama ta ce wannan kam ba ta sani ba, kowace ƙasa da nata tsoron. Rabi ta daɗe tana kallon zakaran. Can ta ce, "Inna, ni fa akwai abin da na lura. Duk ranar da ya yi, daidai lokacin aka kawo wuta. Ƙwan lantarkin nan da Sani ya sa sabo, a saman akurkinsa yake." Sani ya ce, "Ke da ba ki ci ba ki sha, har kin samu sukunin lura da ƙwan lantarki?" Ta ce, "Kai dai cire shi. A bari mu gani."

Maganar nan rabona da ita shekara goma sha biyu, ga ta a bakin yarinyar da ko fuskar mai ita ba ta taɓa gani ba. Na so in ce a'a, a yanka kawai a huta. Ban ce ba.

Sani ya hau turmi ya kwance ƙwan. Magariba ta yi, aka kawo wuta, rediyon maƙwabta ya kama, Bature na cikin duhu bai motsa ba. Aka yi kwanaki haka. Rabi da kanta ta ce a mayar da ƙwan a tabbatar. Aka mayar, haske ya faɗa masa, bawan Allah ya ɗauka gari ya waye, ya miƙe ya yi cararsa. Rabi ta yi dariyar da sai da ta riƙe ciki. Ranar ta ci tuwo malmala biyu. Ni dai ban saki jiki ba sai da ta sauka lafiya, 'ya mace, ga ta nan a cinyata ana wannan rubutun. Rago aka yanka ranar suna. Bature yana nan, an mayar da akurkinsa bayan ɗaki.

Malam bai bar gida na siminti ba, gonarsa an raba, laƙabin da aka yi masa don a yi dariya ne. Na daɗe ina zaton jan zakaran nan ne abin da na gada, ina tsaron sa kamar ido. Yanzu na ga ko an yanka shi ba a yanka komai na Malam ba. Allah ya jiƙan sa, ya sa can inda yake akwai masu haƙurin amsa masa.

Jiya da asuba Bature ya yi cara a kan lokaci. Ina lalube ina neman buta, sai na ji Rabi daga ɗakinta, tana jijjiga jaririya, ta ɗaga murya ta ce, "Inna, me kika ji ya ce yau?"

Na tsaya da buta a hannu. Na ce, "Cewa ya yi ki tashi ki yi salla, ki bar ni in yi barci."