Garwashin da Ƙanena Ya Taka

Ko ƙasa ta kusa rufe idona, ba zan manta ranar da ƙanena ya taka garwashi a gidan suna ba. Ba labari anka ba ni ba. Idona ya gani, hancina ya shaƙa.

Ƙanen nan nawa dillalin albasa ne a Bodinga. Da Allah ya buɗa mai, sai ya raina furar da ta raine shi. Da safe shayi mai kauri, da rana lemon kwalba, har tumbi ya riƙa riga shi shiga ɗaki. Ranar da likita ya ce yana da ciwon suga, wai shi murna ya yi.

"Yaya, ciwon manya ne," in ji shi. "Kin taɓa jin ya kama ɗan ƙwadago?"

Na ce na ji, don mata biyu na sani a Horo Birni, masu daka da surfe, shi ya kwantar da su. Yanzu wane gari ne bai shiga ba? Ya ce nasu daban, nashi daban. Maganin da anka ba shi kuwa yana can aljihun wata riga da ya bar sawa.

Ana nan, ɗiyar ƙanwarmu ta haihu a Shagari, munka tafi suna. Da hantsi maza na zaune ƙofar gida, mai shayi na hura gawayi gefen tabarma. Na fito da kwanon masa zan miƙa, sai na ji ƙauri, irin na babbakar kan akuya. Na duba, ga ƙanen nawa, Alhaji, tsaye ba takalmi, yana ba mutane labarin kasuwar albasa, hayaƙi na tashi ƙarƙashin diddigensa.

"Alhaji, wuta! Bisa wuta kake!"

Ya ɗaga ƙafa, ya duba, ya kakkaɓe garwashin, ya yi dariya. "Wanga? Ko ƙaiƙayi ban ji ba."

To, ku ji manyan mutane masu furfura a gemu. "Kai! Alhaji ya dahu!" Wani ya ce, "Don Allah wa ya ba ka wanga magani? Ka kai mu mu ma." Maroƙi ya miƙe yana kirari, wai namiji ne wanda wuta ke jin kunya. Shi ko sai hura hanci yake, yana zaro kuɗi.

Na ce, "Dahuwa kam ya dahu, ga ƙauri nan kowa na ji. Ku kai shi asibiti."

"Yaya, koma cikin mata. Mi kinka sani ga sha'anin maza?"

Sunka kwashe da dariya. Na aje kwanon, na koma.

Ya shafa man kaɗanya, ya tura ƙafa cikin takalmi, ya ci gaba da bin kasuwanni. Wanda anka yi wa kirari ai ba ya ɗingishi. Sai da wari ya hana matarsa zama ɗaki ta aiko a kira ni. Abin da na gani da na kwance tsumman da ya naɗe ƙafar da shi, ba zan faɗa ba.

A asibiti can Sakkwato likita ya ce suga ya daɗe da kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa bai ji wuta ba. Sunka yanke ta ƙasan gwiwa.

Masu yabo sun zo dubiya, kowa da "Allah shi sawwaƙe". Ɗaya har ya matso kusa da ni, ya rage murya, wai ko Alhaji ya karya dokar maganin wutar ne. Na tashi na ba shi wuri. Tsoron bakina na ji.

Da sunka watse, ƙanena ya kama hannuna. "Yaya, diddigen nan zafi yake mani. Wanda babu."

Na ce, "Sannu, ƙanena."

Tun ranar na san jin zafi rahama ce. Jikin da ya yi shiru ba lafiya gare shi ba, maganar ce ta ƙare mai. Ni dai in na tashi da safe gwiwata ta soke ni, hamdala nake yi, in nemi mai duba ta.