Rediyo Mai Barewa da Sunan Umaru Soja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris 1958, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Umaru Soja, mai gyaran rediyo na Burumburum, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Mutum goma sha ɗaya ne kacal suka raka gawarsa. Ni Sale, malamin makarantar elemantare, ina cikinsu, kuma na fi kowa jin kunya a wurin.

Umaru, ka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama da sanin da babu mai irinsa daga Kiru har Doguwa. Mu nan ba mu san kaya da sunan maƙeransu ba, sai da tambari: wannan mai zakara, wancan mai tauraro. Kai kuwa bayan rediyo kake buɗewa, ka ƙirga 'yan kwalaben lantarkin da ke ciki, ka dubi naɗin waya, sai ka faɗi masu ƙirarsa da shekarar da aka yi shi. Mukan yi maka tsiya mu ce boka, kai kuma ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Ba rediyo kaɗai ka gyara mana ba. Keken ɗinkin Asibi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, sau nawa ka tashe shi ba ka karɓi komai ba? Fulanin rugar gabas kuwa ƙwaryar nono suke kawo maka in ka gyara musu tocila, ka sha kurɓi biyu ka miƙa wa maƙwabta sauran.

Duk wannan alheri, rana ɗaya ta shafe shi.

Alhaji Ladan mai awon gyaɗa yana da tsohon rediyo mai barewa, wanda ya saya hannun kukun wani Baturen haƙar kuza a Riruwai. Rediyon ya girmi yaƙin da ka je. Ya jingine shi a ƙasa jikin bangon zaure damina guda, gara ta cinye katakon, 'yar barewar tagulla da ke goshinsa ta faɗi ta ɓace. A haka aka kawo maka shi cikin buhu. Ka yi mako uku a kansa, ka sa Bala kafinta ya yi masa sabon akwati na maɗaci, ka ɗauko shi a ka da kanka ka kai masa gaban jama'a kana murna.

Ladan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Na ba ka mai barewa, ka dawo mini da aikin kafinta. Ina nawa?"

Ka buɗe bayansa, ka ce, "Alhaji, akwati ai riga ce. Kayan cikin naka ne, kwalba biyar, ƙirar shekara biyu kafin yaƙi. Ga lamba nan da haruffan maƙeran a jikin ƙarfe. Malam Sale, kai ka yi boko, karanta musu."

Na sunkuya na duba. Amma a zauren Ladan nake zama kullum in ji labarun duniya, kuma shi ya yi wa ajinmu rufin kwano. Na ɗago na ce, "Rubutun ya dushe, ba na gani sosai."

Ka ɗaure ƙusoshin bayan rediyon ɗaya bayan ɗaya, ka sa takalminka ka fita.

Daga ranar gari ya raɗa maka Mai-musanya. Mutanen da ka yi wa gyara kyauta suka riƙa ɗaukar kayansu har Kano don kada ka taɓa. A masallaci ka miƙa hannu a ba ka kan yatsu. Ladan kuwa bai daina kunna rediyon da ya ce ba nasa ba ne, mu ma ba mu daina zuwa saurare ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai: muryar da hannunka ya tayar muke ji, muna cin namanka a gabanta.

Sai da ka kwanta ciwo na kwafi lambar nan a ɓoye, na rubuta wa wani kantin rediyo a Kano ina tambaya. Amsa ta iso kwana tara bayan mun binne ka. Sun ce lambar ta mai barewa ce, ƙirar kwalba biyar, ta 1937. Ko harafi ɗaya ba ka kuskure ba.

Na kai wa Ladan takardar na karanta masa. Ya ce, "Allah sarki, ashe haka ne. To, ai ya riga ya wuce, Allah ya jiƙansa." Ya miƙa hannu ya ƙara murya, don an fara faɗin farashin gyaɗa.

Ya Allah ka jiƙan Umaru, ka haskaka kabarinsa, ka sa jinyarsa da ƙuncin da muka jefa shi ciki su zama kaffara, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Zuwaira, da 'ya'yansa Inuwa da Safara'u. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Mahaifinku bai taɓa musanya kayan kowa ba. Ranar sadakar arba'in, in Allah ya kai mu, zan miƙe in karanta takardar nan da ƙarfi, kowa ya ji, sannan in faɗi nawa laifin da bakina.

Ka yafe mini, Umaru, in ana yafiya daga can. Rubutun bai dushe ba. Na gan shi sarai tun ranar.