Sun Ci Daga Hannunki, Bhauji Jaibun

Mu na Allah ne, kuma komai nisan zango a wurinSa za a sauke kaya. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ana cikin Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Jaibun Nisha, matar yayana Faiyaz, a nan ƙauyenmu na bayan garin Labasa. Da hantsi masu neman wata saniya da ta ɓace suka tsinci gawar Jaibun a ƙasan gada, inda kogi ya ajiye ta bayan ruwan da aka yi ta sheƙawa duk makon. Shekarunta arba'in da uku. Ta bar miji, da 'ya ɗaya, Farisha, da ni Nizam, ƙanin mijinta, wanda ta raina tun ban iya ɗaure wando ba.

Bhauji, matar yayana, garin nan da tsokana ya san ni, karatuna kuma bai wuce na allo ba. Da an bar ki da gaskiyarki, da na yi addu'ata na koma gefe. To amma a wurin jana'izarki na ji da kunnena ana gaya wa baƙi wai santsi ne ya kwashe ki kina wanki. Wanki! A kogin da ya shanye gada? An ɓoye ki kina da rai, yanzu kuma ana so a ɓoye ki a cikin likkafani. Ban yarda ba.

Kin shigo gidanmu amarya bayan rasuwar mahaifiyarmu, kika tarar da ni ɗan ƙazami mai satar ƙwai a akurki. A nan kika raɗa mini Tunku, sunan da ya bi ni har na yi gemu. Tsakanin matar wa da ƙanin miji wasa halal ne, ni kuwa na ci halal ɗina har na ƙoshi. Na taɓa saka miki ƙaton kwaɗo a gwangwanin fulawa. Kika buɗe, kika kurma ihu, sannan kika yi shiru kamar an wuce wurin. Washegari a gonar rake na kwance ƙunshin rotina, gurasar da kika gasa mini, na kai loma, sai na ji kamar na haɗiyi garwashi. Kin murza barkono a cikin ƙullun nawa ni kaɗai. Na dawo gida idanu jajur, kika dube ni kika ce, "Yaya dai, Tunku? Kwaɗon ne ya aiko maka gaisuwa."

Wanda bai ci abincinki ba bai san me aka binne ranar Talata ba. Da kakar saran rake, ƙungiyar masu sara tana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, mai gona kuma shi ke ciyar da masu sara. Maza sukan yi ta tambayar Hakim, shugaban ƙungiya, yaushe za a iso gonar Faiyaz. Ba don rakenmu ya fi na kowa ba, don kwandonki ne. Rotinki zagayayye kamar watan sha huɗu. Ga acar ɗinki na ɗanyen mangwaro, wanda kike yankawa ki shanya, ki jiƙa da mai da gishiri da barkono, ya shekara a kwalba bai canza ba. A gidan biki kuwa, idan mata suka jeru a rumfa suna murza puri, gurasar biki da ake soyawa, a kan layi kike zama, sauran suna satar kallon hannunki. Shekarar da guguwa ta yaye rufin Mereoni, maƙwabciyarmu ta ƙauyen ƙetare, ke kika kwaso ta da 'ya'yanta, suka zauna a wurinmu har aka yi mata sabon rufi. Ba ki taɓa ambaton wannan ba ko sau ɗaya.

Sai ciwo ya zo, bayan cikin da kika rasa. Barci ya ƙaurace miki. Kika fara jin ana kiran sunanki inda ba kowa. Aka yi ta yawo da ke, yau laya, gobe hayaƙi, jibi wani mai tofi a bayan dutse, har shekara ta zagayo. Limaminmu da kansa ya ce addu'a wajibi ce, amma Wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, a kai ki wurin likita. Da ƙyar aka yarda aka sa ki a jirgin ruwa zuwa babban asibitin Suva.

Kin dawo da sauƙi. Wa ya zo sannu? A garin nan idan ciwon sukari ya sa aka yanke wa mutum ƙafa, gidansa cika yake da masu dubiya, har a rasa wurin ajiye takalmi. Ke kuwa Mereoni ce kaɗai ta zo, da rogo a kai. Yara suka koyi kiran ki pagli, mahaukaciya, kuma ba daga bakin kaji suka koya ba. Aka kwashe wuƙaƙe daga kicin ɗinki, ke da ba ki taɓa ɗaga wa ko kyanwa hannu ba.

Da ƙungiya ta iso gonarmu a waccan kakar, kika tashi tun asuba kika cika kwando kamar yadda kika saba. Ni na kai shi. Hakim ya ce, "Ka gaishe ta, Nizam, yau kowa ya zo da nasa." Mutanen da suka shekara goma suna lashe yatsu! Na ga wani ya ɗauki roti da bakin adda ya jefa wa kare. Na zauna a gabansu na ci har cikina ya ɗaure, na ba Mereoni saura, na kawo miki kwando wayam. Kika leƙa ciki, kika dube ni, kika ce, "Tunku, ko kai ba ka iya cinye wannan kai kaɗai ba. Sun ƙi, ko?" A bikin da ya biyo baya kuma Fua Batulan, gwaggonmu, ta zare sandar murzawa daga hannunki a gaban mata, tana murmushi. "Huta abinki, Jaibun, kada ki wahalar da kanki." Tun daga ranar ba wanda ya ƙara cin abin hannunki sai mu na gida da Mereoni. Wai hauka yana bin gishiri.

Su da ke yin wannan ba su san yaƙin da kike yi ba. Maganin farko ya kwantar da ke, kina barci rana tsaka kamar an ɗaure ki. Na biyu ya kumbura ki, harshenki ya yi nauyi. Wani watan a je a ce ƙwayar ta ƙare, a ba da wata, jiki ya sake sabon lale. Shekaru aka yi ana gwada wannan a sauke wancan, kafin a dace da allurar wata-wata. Da ita muryoyin suka yi shiru. Kika yi barci, kika yi dariya, kika dawo da ramuwar tsokana. Sai dai ta karɓi kuɗinta a hannunki: rawa yake yi. Rotinki ya daina zagaye. Na ɗaga wani na ce, "Bhauji, wannan roti ne ko kunnen akuya?" Kika ce, "Ci ka rufe mini baki, cikinka ido gare shi?" Nas ɗin da ke zuwa ɗakin shan magani Alhamis ɗin farkon wata ta ce za a iya rage rawar a hankali, ana dubawa, amma ko da wasa kada a tsayar da allurar. Ni nake raka ki. Duk wanda ya sauka daga bas a wannan ƙofa a wannan rana, gari ya san abin da ya kai shi. Matan cikin bas sukan juyo gaba ɗaya kamar kaji sun ga shaho. Nakan ɗaga musu hannu in ce, "Ni ne mara lafiyar, ita rakiya ta yi!" Kina dukan kafaɗata kina dariya.

Bara wasu mutanen kirki daga garin Ba suka zo neman auren Farisha, aka sa biki bayan ƙaramar Sallah. Ba su san komai game da ciwonki ba, Fua kuma ta rantse ba za su sani ba. Ina Savusavu wurin aikin gini lokacin da ta zaunar da ke. Farisha ce ta ba ni labari daga baya. Fua ta ce kada a ƙara ganin ki a ƙofar ɗakin shan magani sai an kai amarya. Sannan ta fito da abin da ta san ba za ki iya ƙi ba: "Idan hannun nan ya daina rawa, ke za ki zauna a kan layi ranar bikin 'yarki. Ni da kaina zan miƙa miki sandar." Bhaiya Faiyaz, yayana, yana wurin, kansa a ƙasa.

Ba na ganin laifinki, Bhauji. Wace uwa ce za a ce ta zaɓa tsakanin allura da ciyar da baƙin 'yarta ta tsaya lissafi? Laifin na waɗanda suka ƙwace sandar ne tun farko, sannan suka dawo suna sayar miki da ita a kan ranki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A watan Disamba hannunki ya tsaya cak. Mangwaro ya yi 'ya'ya, kika yanka, kika shanya, kika jera kwalaben acar a kan kwanon rufi saboda biki. Kika kira ni a waya, muryarki kamar ta yarinya. "Tunku, zo ka ga roti. Ka kawo akuyar taka a gwada." Na yi murna, ban san abin da aka biya ba. Da na dawo ƙarshen Janairu na tarar kin daina barci, kina murza ƙullu ba wuta a murhu, kina amsa kiran da ba mu ji ba. Na tayar da ƙura. Fua ta ce, "Kai yaro, rufa mana asiri, saura ƙiris. Bayan biki a yi mata allura goma." Na ce gobe zan kai ki asibiti ko da a goye. Sai sama ta ɓalle, gada ta nutse, bas ya daina zuwa. Muna jiran ruwa ya janye kika fita da safe ba wanda ya gani. Abin da kika je nema a bakin kogi, Allah kaɗai Ya sani, ni kuma ba zan yi miki shaidar abin da ban gani ba.

Kwana uku ba a hura wuta a gidan mutuwa, maƙwabta ke kawo abinci. Sai ga tukwane suna shigowa daga gidajen da suka shekara bakwai suna mayar da naki. Ranar uku, bayan an sauke Alƙur'ani, rumfa ta cika: ga Hakim da mutanensa, ga matan bas, ga surukai daga Ba. Farisha ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini kwalaben. Ta kira ni Chacha, wato baffa, ta ce, "Ammi, uwata, don baƙina ta yi. Ga baƙi sun zo." Na ce, "Kin san abin da zai iya biyo baya?" Ta ce, "Na sani. Ɗauko cokali."

Na bi layi ina zuba wa kowa acar ɗin a gefen shinkafa. Bhauji, da kin ga yadda suka ci! Hakim ya suɗe yatsunsa biyar ya miƙo faranti. Fua Batulan ta ce, "Nizam, ƙaro mini. Wannan na wane gida ne? Rabona da irinsa an daɗe."

Na ce, "An daɗe kam, Fua. Shekara bakwai. Na pagli ne."

Loma tana bakin Fua, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa. Sai Farisha ta miƙe ta fuskanci surukanta. Ta ce mahaifiyarta ciwon ƙwaƙwalwa ta yi, ta sha magani ta samu lafiya, an hana ta magani don kada su sani, shi ya kashe ta, ba santsi ba. Ta ce wanda zai ɗauke ta ya ɗauke ta da sunan uwarta. Bhaiya ya rufe fuska da hula ya fashe da kukan da bai yi ba a maƙabarta. Mereoni kuwa ta miƙo farantinta ta ce, "Zuba mini, ɗana, ni dama ban taɓa dainawa ba."

Mutanen garin Ba sun koma, har yau ba mu ji daga gare su ba. Farisha ta ce kada in kira. Waɗanda suka ci kuwa ina bin su da ido a masallaci da kasuwa, ban ga wanda ya yaga riga ba tukuna.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Jaibun Nisha. Ka sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi, Ka karɓe ta cikin shahidan ruwa, Ka yalwata kabarinta, Ka ba ta barcin da ta rasa a duniya. Ina miƙa ta'aziyya ga Bhaiya Faiyaz, Allah Ya yafe masa shirunsa, Ya ba shi haƙuri. Ga Farisha, Allah Ya ba ta mijin da ya cancanci ƙarfin zuciyarta. Ga danginta na Seaqaqa. Da Mereoni, wadda ta fi 'yan'uwa zumunci. Masu irin ciwonta da aka kulle a ɗakunan baya na garin nan, Allah Ya ba su lafiya, Ya ba danginsu kunyar Allah fiye da kunyar mutane.

Kwalba ɗaya ta rage, Bhauji. Na ɓoye ta inda ko Tunku ba zai taɓa ba. Ranar auren Farisha, ko wane ne angon, a kan layi za a ajiye ta, kuma kafin kowa ya kai loma sai na faɗi sunan mai ita.