Tukunyar Kaka Mai Koko

A shekarar da ruwa ya shiga gidajen Zongo har gwiwa ina aji biyu a jami'a, kuma abin da aka san ni da shi a unguwa shi ne rashin magana. In na fito da littafi a hammata, gaisuwa ma ƙasa-ƙasa nake yin ta, idona a kan takalmina.

Bayan ruwan ya janye, wata ƙungiyar agaji ta raba wa mata masu ƙananan sana'o'i kayan aiki a madadin waɗanda suka rasa. Masu sayar da abinci suka sami tukwane da murhu. Da aka ɗan kwana biyu sai ƙungiyar ta nemi ɗalibai masu jin Hausa da Faransanci su bi gida-gida su ji ko kayan sun yi amfani. Na nemi aikin don na zaci na rubutu ne. Ashe na baki ne.

Shugabarmu wata mata ce 'yar unguwar Amoutivé, Madam muke ce mata. Tana jin yaren Mina da Faransanci, Hausarta kuwa ba ta wuce ta ciniki a kasuwar Adawlato ba. Ita ta koya mana dokokin aikin. Kada ka sa wa mutum magana a baki. Abin da ka sani da kanka ba amsa ba ne, sai wanda ya fito daga bakin mai kayan. In kana fassara, ka faɗi komai yadda aka faɗe shi, kada ka gyara. Duk wadda ta yi ƙorafi za a duba kayanta, in ya tabbata a canja mata, amma da an rufe binciken ƙofa ta rufe. Dokokin sun yi mini daɗi ƙwarai. Ni mutum ne mai son a shata mini iyaka.

Muka shiga gidaje, ni da kwamfutar hannu da riga mai tambari wadda ta yi mini yawa. Duk matar da na tambaya ko ta gamsu da kayanta, amsa ɗaya ce: Alhamdulillahi, Allah ya saka da alheri. Akwai matsala? Babu. Akwai abin da za a gyara? Allah dai ya ƙara buɗi. Wata rana Madam ta duba amsoshin ta ce, ko dai ba a taɓa yin ƙungiyar da ta kai mu iya aiki ba, ko kuma ba mai gaya mana gaskiya. Na yi mata bayani cewa a wajenmu yaba kyauta tukuici ne, ba wadda za ta zauna gaban baƙo ta kushe abin da aka ba ta. Ta ce ta gane, amma da godiya ba ta da hujjar canja ko da cokali.

Akwai tukunya ɗaya da na san labarinta. Ta wata tsohuwa ce mai sayar da koko a bakin layinmu, inda 'yan zemijan, wato masu haya da babur, ke tsayawa da baburansu da sassafe. Ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, don haka ni ma Kaka nake ce mata. Tsohuwar tukunyarta mai kauri katanga ce ta faɗa mata lokacin ruwa ta tsage. Wadda aka ba ta babba ce, tana ƙyalli, amma gindinta ba kauri. Koko ya riƙa kamawa yana ƙauri, kuma kafin rana ta ɗaga ya huce. 'Yan zemijan suka riƙa komawa tsallaken titi ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin Kaka da hantsi tana rarraba wa maƙwabta ragowar koko kamar mai sadaka. Ba ta da wata sana'ar, kuma da ita take ci.

Tun ina ƙarami take kirana angonta, irin wasan kaka da jika. Sauran yaran layin suna ramawa, su ce ta tsufa, su ce amarya za su yi mata. Ni ban taɓa ramawa ba, sai in sunkuyar da kai in karɓi kokona in wuce. Har ta riƙa gaya wa mutane Allah ya haɗa ta da miji bebe.

Gidanta ya faɗo a ranar ƙarshe ta binciken. Na gaya wa Madam dangantakarmu, don doka ta ce a faɗa. Ta ce in za ta cire duk ma'aikacin da kakarsa ke da ƙawa a unguwar, sai dai ta ɗauko ma'aikata daga Ghana. Za ta zauna tare da mu, shi ke nan.

Muka sami Kaka a tsakar gida tana kankare gindin tukunyar da cokali. Da ta gan mu sai ta kife ta, ta shimfiɗa mana tabarma. Yau ba ango ba ne a gabanta, ma'aikaci ne da baƙuwa, don haka har da ce mini malam. Na karanta mata tambayoyin. Ta gamsu? Alhamdulillahi. Tukunyar na aiki? Sosai ma. Akwai abin da take so a gyara? Wanda bai da komai aka ba shi, me zai ce.

Saura tambaya ɗaya a rufe binciken. Ga tukunya kife a gefe, ga baƙin ƙanzo a cokali, kuma ba ni da izinin nuna ko ɗaya. Na ajiye kwamfutar a cinya, na kalli ƙasa, na ji muryata ta fito kamar ta wani.

"Ni dai gaskiya sakinki zan yi. Mace ta tsufa har ta manta damun koko. Kullum sai ƙauri."

Kaka ta kalle ni, ta kalli Madam, ta sake kallona, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"A'a. Yau bebe ya yi magana. To zo ka sake ni mana, dama me na ci a gidanka ban da takarda? Dubi wuya kamar na zalɓe. Ni ce ban iya koko ba? Ina dama koko tun uwarka ba ta san hanyar makarantar allo ba."

"To me ya sa yake ƙauri?"

"Tambayi wannan gwangwanin da ka tsaya aka kawo wa matarka." Ta birkito tukunyar, ta ƙwanƙwasa gindin da cokali. "Ji fa. Wannan tukunya ce ko ganga? Wuta ta taɓa ta kaɗan ta kama, ka sauke ta huce kafin ka juya. Mijin kirki da tuni ya tafi kasuwar Hanoukopé ya samo mai kauri. Kai kuwa ka zauna kana kallo 'yan babur suka watse mini, kana karatun boko."

Madam ta taɓa ni ta ce in fassara. Doka ta ce komai, yadda aka faɗa. Na fara daga bebe, na bi ta kan takarda, na iso wuyan zalɓe. Nan na tsaya, don sunan tsuntsun da Faransanci ya ɓace mini, sai da na kwatanta shi da hannu. Madam ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Da na kai kan gindin tukunya da 'yan babur sai ta daina dariya, ta jawo tukunyar ta danna gindin da babban yatsa. Ya lotsa ya dawo.

Ta ce da ni da Faransanci, tambayata ba ta cikin waɗanda ta koya mana, kuma in aka bi diddigi na sa wa tsohuwa magana a baki. Ta ce in sake yi wa Kaka tambayar yadda take a rubuce. Na ɗauki kwamfuta na karanta: akwai matsala da kayan da aka ba ki?

"Babu, malam. Alhamdulillahi."

Madam ta juya ta yi wa Kaka magana da Mina kai tsaye, harshen da su biyun suka iya ciniki da shi. Ta ce, Mama, abin da kika faɗa ɗazu, kin yarda a rubuta? In ba a rubuta ba, ba ni da ikon canja miki. Kaka ta ce ai wasa take da jikanta. Madam ta ce ta sani, amma gindin tukunyar da ta danna ba wasa ba ne.

Kaka ta daɗe tana juya cokali a hannu. Can ta ce, "Masu kyauta ban ce musu komai ba, sai godiya. Wannan ki rubuta shi a sama. Abin da mace ta faɗa wa mijinta kuwa, in miji ya kwashe ya kai waje, shi ne mai surutu."

Haka na shigar da shi. Godiya a sama, sannan maganarta kalma bayan kalma, da bayanin yadda aka yi ta fito, don Madam ta ce kada a ɓoye. Na karanta wa Kaka da Hausa ta ji. Ta gyara mini wuri ɗaya: ta ce ba ta ce duka 'yan babur sun watse ba, akwai wani dattijo da bai taɓa fashi ba, kada a ci haƙƙinsa.

Canjin bai zo da wuri ba. Sai da aka turo wani ya duba, aka kai maganar ofis, aka koma wajen sauran masu abinci da tambaya a kan gindin tukunya kaɗai. Damina ta kusa zagayowa kafin a kawo wa Kaka tata, ƙirar hannu, mai kauri, ba ƙyalli. Koko ya daina ƙauri. 'Yan zemijan wasu sun dawo, wasu sun riga sun saba da tsallake.

Sai dai sabuwar tana da nauyi, in an cika ta Kaka ba ta iya ɗagawa. Ba ta kai ƙorafi ofis ba. Ta aika wa kakata cewa a turo mata ni kowace safiya kafin in tafi jami'a. Nakan kama kunne ɗaya, wata maƙwabciyarta ta kama ɗayan, mu fito da ita a hankali zuwa bakin layi, Kaka na biye da mu da ludayi a hannu tana gaya mana inda rami yake.