Tsingaron Kufai

Uwar mijina maginiya ce. Tana gina tukwane da tuluna, amma abin da aka san ta da shi daga Fassi har kasuwar Kibiya shi ne randa. Da aka kawo ni gidan daga Madachi ban san komai game da yumɓu ba, ban kuma yi niyyar sani ba, don a gidanmu faifai ake saƙawa, aikin da mace za ta yi a zaune hannunta fes. Iya, haka kowa ke kiranta, ta ƙyale ni na ci amarcina. Wata safiya sai ta turo mini turmi da ƙafa ta ce, "Ke 'yar nan, hannun nan naki ba don lalle kaɗai aka yi shi ba." Na leƙa turmin ina zaton gero ne, sai na ga fasassun tukwane, tsingaro baƙaƙe da jajaye.

Yumɓun rafinmu danƙo gare shi. In aka gina shi tsura, wuta na taɓa shi zai tsage, dole sai an daka tsingaro ya yi kamar tsaki an kwaɓa da shi. Iya kuwa ba kowane tsingaro take so ba. Ta ce na gida ya sha mai da kanwa, ba ya kama yumɓu yadda take so. Nata daga kufai take ɗebowa, a gindin dutsen da ke yamma da gari, inda ruwan sama ya daɗe yana wanke shi. A wurin akwai ramukan niƙa a jikin dutse, da kashin maƙera, wani lokaci ma a tsinci gatarin aradu. Ba wanda ya san su wa suka zauna a can. In ka tambayi tsofaffi sai su ce su ma haka suka tarar. Ni ce mai ɗaukar kwando, ni ce mai daka, kuma na tsani aikin nan ƙwarai. Ƙurarsa ta shiga hanci, ƙararsa ta hau kai. Ban taɓa ɗaukar guda ɗaya na dube shi ba, Iya ma haka.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai ne wani Bature ya zo da wani malami daga Kano, ma'aikatan kayan tarihi. Suka sauka a gidan dagaci, suka yi ta yawo a kufai a sunkuye kamar masu neman allura. Daga baya suka ce mutanen da suka zauna a wurin sun riga ganuwar Rano, sun riga zuwan Musulunci ƙasar. Zan faɗi alherinsu: ba su ce za su ƙwace wurin ba. Cewa suka yi gwamnati ba ta da wanda za ta ajiye a nan, mutanen gari ne za su kula da abinsu, su kuma tsara yadda za a yi.

Aka yi taro a ƙofar dagaci, kowa ya faɗi tasa. Masu gonaki a gefen dutse suka ja, aka ja da su, har aka tsayar da iyaka. Ardon Fulanin da ke zaune kusa da mu ya ce shanunsa ta nan suke bi zuwa rafi, aka karkatar masa da burtali. Liman ya tambaya ko abin ba zai koma tsafi ba, aka tabbatar masa babu yanka babu roƙo. Aka yi gayya aka kewaye wurin da bini-da-zugu, aka zaɓi mutanen da za su riƙa dubawa. Mijina na cikinsu, don ya ɗan yi elementare a Rano, kuma mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Doka ɗaya aka kafa mai ƙarfi: kada a ɗauki komai daga cikin shinge.

Mace ko ɗaya ba ta je taron ba, ba a kuma kira mu ba. Ba mugunta ba ce. Maza sun yi rayuwarsu suna shan ruwan randa ba su san abin da ke cikin jikinta ba. Mijina ya sani, ai da ƙarar turmin nan aka yaye shi, amma shi ne ƙarami a wurin, ya ji nauyin ta da zancen mata a gaban manya. Har yau in na tuna shirun nan nasa sai raina ya ɓaci.

Shi ɗan fari ne, Iya ba ta kama sunansa, da ƙyar ma take duban fuskarsa. Saboda haka ɗakina ya shigo yana sosa ƙeya.

"Ki ɗan gaya wa Iya, an hana ɗiban tsingaro a kufai."

Na ce, "Ni? Malam, kai ka je taro ka ci goro, ni zan sha faɗan?"

"Don Allah dai. Ke tana sauraronki."

Na je na same ta tana shafe bakin tulu, na durƙusa na faɗa. Ba ta ɗago ba sai da ta gama zagaye bakin. Sannan ta ce, "Ki ce wa mai gadin dutse na ji." Daga ranar sunansa ke nan a bakinta.

Na yi zaton za ta riƙa zagayawa ta ɗebo a ɓoye, da ni ce ma haka zan yi. Ba ta yi ba. Ta ce ba za ta zama ɓarauniya a gonar ɗanta ba. Sai ta aike ni gida-gida ina roƙon fasassun tukwane, abin da na samo bai isa ba, ta ƙara da yashi, ta gwada ƙaiƙayi. Ranar toyi muna tsaye a matoya, wuta na ci, muka fara jin ƙas, ƙas daga cikin tarin. Da aka yaye toka, ƙananan tukwane sun tsira, randunan kuwa duk sun tsage daga gindi. Ta sake gwadawa, aka sake haka. Sai ta kife turmin, ta rufe ramin yumɓunta da tsohuwar tabarma, ta zauna.

Ni da na tsani ƙarar turmi, shirun gidan ya fi damuna. Iya ta rage cin abinci. Ta zauna a inuwar rumbu hannayenta a kan cinya, yatsunta suna motsi kamar tana murza wani abu. Ta fara cewa za ta koma Saji wurin ƙanenta, tunda a nan ba ta da aikin yi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, mijina kuma ya rasa inda zai sa kansa. In ya shigo ya gaishe ta, sai ta amsa wa bango.

Bazara ce ta yi mana magana. Randa ba ta dawwama, yau akuya ta ture wannan, gobe waccan ta tsage. Mata suka riƙa zuwa nema, Iya ta ce, "Ku tambayi mai gadin dutse." Sauran maginan garin, tsofaffi biyu, su ma sun kife nasu turamen. Sai da ruwan sha ya yi ɗumi a gidan dagaci kansa sannan maza suka gano akwai wata magana da ba a yi ba. A nan mijina ya samu baki, ya je ya bayyana wa dagaci komai.

Da malamin nan na Kano ya sake zagayowa a farkon damina, aka sake zama. Wannan karon aka kira magina. Iya ta tsufa yadda za ta iya zama a gefen taron maza, ni kuma na raka ta na tsaya bayan zana ina ji.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, an tambayi mai gona, an tambayi mai shanu. Mu da muke shiga wurin nan tun kafin a haifi rabin mutanen nan, ba a tambaye mu ba. Uwata a can ta ɗiba, uwarta ma a can."

Malamin ya ce, "Iya, gaskiyarki, laifinmu ne. Amma ki duba, mutanen nan ba su bar rubutu ba, ba su bar suna ba. Tukwanen nan ne kaɗai suka rage musu. Duk wanda aka daka ya tafi ke nan, ba a yin wani."

Iya ta ce, "To ni in na daina, ana yin wata ni?"

Ina bayan zana ina so Iya ta yi nasara, amma maganar malamin ta tsaya mini a rai, don ni ce nake dakawa. Ardo ne ya raba gardamar. Ya ce shi bai san tarihi ba, amma duk ruwan da aka yi, kwazazzabon da ya fito daga kufai yana kwaso tsingaro ya wuce da shi ƙarƙashin shinge, ya zube a hanyar rafi, shanunsa su tattake. Wannan na waye? Aka dubi juna. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa cikin shinge ya zauna yadda yake. Abin da ruwa ya fitar kuwa mata su tsince. Mai zane a jiki, ko bakin tukunya, a ware a ajiye a wani ɗaki da gari zai gina. Wanda ba shi da komai a daka. Aka ɗora wa magina aikin warewa.

Haka aka yi. In an ɗauke ruwa sai mu fita da kwanduna, mu dawo mu zube a tsakar gida, Iya ta jawo ƙwaryar ruwa tana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Da farko da ƙunƙuni take yi. Ana nan sai na ji ta fara magana da su. "Wannan igiya ta murza ta birgima a jiki." Ta ɗauki wani: "Wannan da farce ta yi, tana sauri, ƙila yaro na kuka." Ta miƙo mini wani tana dariya: "Ga 'yar'uwarki, raguwa, dubi yadda ta bar bakin a karkace." Rannan ta daɗe riƙe da wani ɗan jan guntu, sannan ta ce a hankali, "Na daka mata da yawa, ko gaishe su ban yi ba."

Abin da ake dakawa ya ragu, randunan da take ginawa ma suka ragu, amma ba su sake tsagewa ba, zancen Saji kuma ya mutu. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. An yi ta rigima kan wanda zai gyara jinkar ɗakin, yara sun sha tsallaka shinge, bayan samun mulkin kai malamin ma ya rage zuwa. Maza da yawa suka gaji. Mu mata ba mu fasa ba, tunda ruwa bai fasa sauka ba, kuma muna da buƙata a wurin.

Masu zanen ni nake kai wa mijina ya jera a ɗakin. Wata rana ya shigo muna cikin warewa, ya tsaya daga nesa yadda ya saba. Iya ta ɗauki ƙwaryar masu zanen, ba ta dube shi ba, ta miƙa hannu wajensa ta ce, "Ungo." Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Na shige ɗaki don kada su ga idona.

Iya ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, turmi da ramin yumɓu suka dawo hannuna. Randar da ta gina mini ta daɗe a ɗakina, har ranar da na matsar da ita zan yi shara ta rabe gida biyu ta zube. Na tattara guntayen na kai gindin turmi, na zauna ina warewa kamar kullum, hannu na yi ba tare da tunani ba. Sai ga guntun wuya a tafina, da zanen totuwar masara da take yi wa randunanta, da gurbin babban yatsanta inda ta danna.

Na tarar da mijina a ɗakin kufai yana kakkaɓe yanar gizo. Na miƙa masa guntun. Ya duba ya ce, "Wannan ai ba na mutanen da ba ne."

Na ce, "Ajiye shi dai. Zai zama."

Ya sake dubawa, sai ya gane. Ya sa yatsansa a gurbin nata. Sannan ya matsar da jan guntun nan gefe, ya yi mata wuri kusa da shi.

Na koma gida na zuba sauran a turmi na daka. Da shi na kwaɓa randar da muke shan ruwa a ciki.