Ranar Da Muka Wuce Jirginmu a Nansha

Ko da zan manta da ranar da aka miƙo mini takardar digirina, ban jin zan manta da ranar da na zauna a bayan wata farar mota a kudancin Guangzhou, ina kallon jirgin ruwan da ya kamata mu hau yana nisa a bayanmu, bakina kuma ya ƙi buɗuwa. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na hau doguwar gada sai ranar ta dawo mini.

A lokacin ban daɗe da gama karatun injiniya ba a wata jami'a da ke unguwar Tianhe a Guangzhou. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kano, kayan wuta yake sarowa, kuma tun ina firamare yake zuwa China sau biyu a shekara. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Abu ɗaya ta daɗe tana ambata. Kakanta ya je Makka ta ƙasa, ya tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, kuma tun tana yarinya take jin labarin yadda mutum zai duba gabas da yamma bai ga ƙasa ba. Ita ta sama ta yi nata aikin Hajjin, ta ce ba ta ga komai ba sai gajimare. Da ta tashi daga wata doguwar jinya, Abba ya yi mata alkawari a gaban 'yan'uwa cewa zai kai ta ta ga teku daga cikin jirgi. Ba wanda ya faɗa da baki, amma duk mun san da wuya jikinta ya sake ɗaukar tafiya mai nisa irin wannan.

Ni aka ɗora wa shirin. Na samo jirgin yawon shaƙatawa mai tashi daga Nansha, a gaɓar kudancin Guangzhou, ya yi kwana biyar a teku ya dawo. Ni mutum ne mai yawan tsoron kuskure, don haka na yi shiri har ya wuce misali. Kowace takarda na buga ta sau uku. Na duba bizarsu ya fi sau goma. Adireshin tashar na rubuta shi da harshen China a farar takarda, na sa a gaban jakata. Na kuma tsara su sauka kwana biyu kafin ranar tashi, don su huta. Amma kana taka Allah na tasa. Jirgin saman da ya ɗauko su ya makara, suka rasa na biyu a hanya, suka yi kwana biyu a can suna jiran gurbi. A ƙarshe aka sa su a wani jirgin da ba a Guangzhou zai sauka ba, a Shenzhen, wani birni maƙwabci, zai sauka, da hantsin ranar da jirgin ruwan zai tashi. Ƙofar shiga kuwa ƙarfe uku na rana ake rufe ta.

Na lissafa, na ga lokaci zai isa in ba a yi wasa ba. Na ce wa Abba a waya zan kira mota ta manhaja. Ya ce, "Bar wannan, Injiniya. Na riga na kira mutumina."

Mutumin nasa wani direba ne ɗan China, mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ya daɗe yana kwasar masa kwalaye daga shagunan unguwar Dengfeng zuwa ɗakunan ajiya. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa lawban, wato maigida, har ba ka sanin wane ne maigidan wane. Hausarsa kalma uku ce: sannu, yawwa, ba matsala. Shi ya ɗauke ni da safe muka nufi Shenzhen. A hanya na tambaye shi da harshensu ko Abba ya gaya masa inda za mu. Ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Nansha, wajen jirgi. Ba matsala." Takardar adireshin tana kan cinyata. Na yi niyyar miƙa masa, sai na ga kamar zai zama ina bin diddigin maganar mahaifina. Na mayar da ita jaka.

Iyayena sun sauka sha ɗaya da rabi, in ban manta ba, amma ba su fito ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Umma ta cika jakar bakko biyu da tsaraba: kuka, daddawa, yaji, da kilishi mai yawa da ta sa aka yi mini. Karen kwastan ya zauna a gaban jakar ya ƙi tashi. Nama ba ya shiga ƙasar, don haka aka karɓe kilishin. Abba ya fito yana faɗa.

"Kilishin Agadasawa guda! Na gaya mata, na gaya mata."

Umma ba ta kula shi ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan nan ne da ke riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba in da mutane. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe, sannan ta ce, "Alhaji, ɗan nan ya rame." Shekara biyu rabona da ita, wannan ce rungumar da na samu, kuma ta ishe ni.

Abba ya shiga gaba kusa da direba, kamar yadda ya saba. Ni da Umma muka zauna baya, jakunkuna a bayanmu. Ya ce a matsayinmu na matafiya ma haɗa azahar da la'asar a cikin jirgi. Mota ta hau babbar hanya, su biyun suna hira da hannu da dariya, rabin Turanci rabin ishara. Ni kuwa idona yana kan taswirar wayata. Komai daidai yake tafiya, har na fara jin daɗi.

Biyu ta ɗan gota muka hau doguwar gadar da ke tsallaka bakin kogi zuwa Nansha. Ruwa ya buɗe hagu da dama. Umma ta matsa jikin gilashi. Can ƙasa, a ɗaya gaɓar, ga wani abu fari fat, dogo, mai hawa-hawa, rana tana dukansa.

"Alhaji, wancan farin benen da ke kan ruwa fa?"

Abba ya ɗan leƙa. "Otal ne. Ai mutanen nan ko'ina gini suke."

Ni na san ba otal ba ne. Wata uku ina kallon hotonsa. Har na san wajen da tagar ɗakinmu take. Na ce a raina, bari dai, yanzu direba zai sauka ya nufe shi, kowa ya gani da idonsa, ba sai na gyara wa Abba magana a gaban baƙo ba. Muka sauka daga gadar. Allon da ke nuna hanyar tashar fasinja ya taho, na karanta shi sarai, ya wuce ta gefen kunnena. Direba ko rage gudu bai yi ba. Ya miƙe kudu.

Na ɗan yi gyaran murya. "Abba, kamar dai... wataƙila ni ne ban gane ba, amma ina jin kamar can baya ya kamata a karya. Ko da yake ƙila akwai wata hanyar."

"Wace hanyar? Ni da nake zuwa Nansha tun kana cin tuwo da hanci? Wannan mutumin ya fi wayar taka sanin gari. Ko ba haka ba, lawban?"

"Yawwa!" in ji direba, bai san ma me aka ce ba.

Sai na yi shiru. Yau in na tuna wannan shirun, kunya nake ji ta gaske. A lokacin kuwa ce wa kaina nake ladabi ne. Na kuma fara neman uzuri: ƙila zagaye zai yi, ƙila an rufe wancan titin, ƙila taswirar ce ta tsufa. Alhali shuɗin ɗigon da ke wayata yana ta nisa da tashar, minti bayan minti. Ƙananan motoci suka ragu. Tireloli suka yawaita, kowace da kwantena a bayanta. Can gaba na fara hango jajayen ƙarafunan nan masu ɗaga kaya, jere kamar raƙuman dawa. Nan na gane komai. Nansha tasha biyu gare ta, ta fasinja da ta kaya, kuma tsakaninsu akwai tafiya. Duk shekarun nan Abba bai taɓa zuwa Nansha ba sai don ya ga an loda kayansa a ɗakin ajiyar da ke kusa da tashar kaya. Shi Nansha ɗaya ya sani. Direban ma Abba ɗaya ya sani, mai kwalaye.

Agogo ya nuna biyu da minti ashirin da biyar. Na fito da takardar adireshin, ina murza ta, ina shirya jimlar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Na shirya ta sau uku ina rushewa.

Umma ce ta katse ni. Ba ta ce "Alhaji, tambayi ɗan nan" ba, kamar yadda ta saba. Juyowa ta yi ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi a gaban Abba ba.

"Kai. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Na ji muryata ta fito ba tare da wani wataƙila ba.

"Na sani, Umma. Wancan farin benen shi ne jirginmu. Mun wuce shi. Nan tashar kaya za mu."

"To, da wa kake jira ya faɗa?"

Na miƙa hannu ta tsakanin kujeru na ajiye takardar a gaban direba, na yi masa bayani da harshensu, a taƙaice. Ya karanta, ya dubi Abba, ya sake karantawa. Sai ya bugi sitiyari ya saki wata ƙara.

"Lawban zai hau jirgin hutu? Lawban?"

Ya ce da ya ga jakunkunan bakko ya ɗauka kaya ne za a cusa a kwantena kafin a rufe. Shekara nawa yana tare da mutumin nan, bai taɓa ganin ya zauna ya gama shan shayi ba, balle hutu. Na fassara wa Abba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

Juyawa ma sai da ta zama aiki, don muna tsakiyar layin tireloli. Direba ya sauke gilashi yana ɗaga wa manyan motoci hannu yana roƙo, har wani ya ba shi hanya. Ni kuma na kira lambar tashar da ke cikin takarduna. Wata mata ta ɗauka. Na gaya mata mu uku ne, akwai dattijuwa, muna hanya. Ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce, uku daidai za a rufe. Da ni ne na sa'a ɗaya da ta wuce, da na ce to, na gode, na kashe. Sai na ji kaina ina karanta mata lambar ɗakinmu da lambobin fasfo ɗaya bayan ɗaya, na ce ta duba komai tun yanzu, ta sa a ajiye keken tura marasa lafiya a bakin ƙofa, don kada tafiyar ƙafa ta cinye mana lokaci. Ta ce za ta sa a ajiye.

Ban san gudun da mutumin nan ya yi ba, kuma ban so in sani. Umma tana jan carbi. Abba ya riƙe maɗaurin da ke saman ƙofa da hannu biyu, shi da kullum yake ce wa direbobi suna tafiyar hawainiya. Farin jirgin ya sake bayyana, yana girma, har ya rufe mana sama. Uku saura minti takwas muka tsaya. Keken yana nan. Direba ya sungumi jakunkunan biyu ya ruga da su har bakin ƙofa, yana haki yana cewa, "Ba matsala, ba matsala." Wannan karon na yarda da shi.

A nan ne Abba ya yi abin da ya fi tsaya mini a rai. Shi mutum ne da ba ya ba kowa fasfonsa, kuma duk inda za mu shi ne a gaba. Ya zaro nasa da na Umma daga aljihun gaban rigarsa, ya danƙa mini.

"Shige gaba, Injiniya."

Ya kama keken Umma da kansa, ya biyo bayana.

Da la'asar sakaliya jirgin ya ɗaga. Mun yi sallolinmu, muka fito saman bene. Umma ta ƙi zama, ta riƙe ƙarfen gefe tana kallon yadda gaɓa ke ja da baya. Ba a jima ba muka zo daidai tashar kaya, ga jajayen ƙarafunan, ga kwantenoni tuli. Abba ya nuna da haɓa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga tawa Nanshar can."

Umma ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Alhaji, otal ɗin naka fa tafiya yake."

Ya yi dariya har da tari. Washegari da safe ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta ga ƙasa ba. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ashe gaskiya Kaka ya faɗa."

Har yanzu ina buga takarda sau uku, kuma kalmar "wataƙila" ba ta bar bakina gaba ɗaya ba. Amma ranar ta koya mini cewa ladabi yana cikin yadda ka faɗi magana, ba cikin haɗiye ta ba. Na kusa sa mahaifina ya karya alkawarinsa a gaban matarsa, don kawai ina jin nauyin in ce masa ya yi kuskure, ina kuma kiran hakan girmamawa. Matar da ta fi kowa riƙon kunya a gidanmu ita ta ajiye tata a lokacin da ya dace. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ina kewaye-kewaye a kan abin da ya shafi wani, sai in yi wa kaina tambayarta: ka sani, ko ba ka sani ba? In na sani, sai in faɗa tun muna kan gada.